Zawon dokin da ya ƙi tsayawa: inda bincike ke farawa da inda magani ke kuskurewa

A bargogin Jos, na 'yan wasan folo ne ko na masu ajiye doki don hawan Sallah da rakiyar ango, zawo ba ya cika tayar da hankali a kwanakin farko. Sai a ce sabuwar ciyawa ce, ko dusa ce ta yi yawa. Sau da yawa hakan ne, bayan kwana biyu kashi ya ɗaure a manta. Wanda ake magana a kai a nan shi ne wanda ya wuce mako, ya shiga na biyu da na uku. Wutsiya kullum a jiƙe, gashin cinyoyin baya yana tsigewa, ƙudaje sun yi dandazo, haƙarƙari ya fara fitowa ko da yake dokin bai daina ci ba. Kafin a kira likitan dabbobi, galibi an riga an yi masa allura iri uku ko huɗu, an ɗura masa jiƙe-jiƙe, an ba shi maganin tsutsa har sau biyu. A ganina wannan tarin magani na kirdado yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da zawon kwana uku ya koma na wata uku, kuma dalilin yana cikin yadda Allah Ya halicci cikin doki.

Tumbin doki ƙarami ne idan aka duba girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya amai. Babban aikin narkar da ciyawa a can baya ake yin sa, a wata jakar hanji da ke gefen dama mai ɗaukar lita 25 zuwa 30, da kuma babban hanji da ya naɗe ya cika ƙasan ciki. Wurin nan kamar randar tsimi yake. Ƙwayoyin halitta marasa ƙirguwa ne ke zaune a ciki suna tsima ciyawar, doki yana rayuwa da abin da suka fitar. A nan kuma jiki ke tsotse ruwansa ya mayar cikin jini. A doki mai nauyin kilo 500, ruwan da ke zubowa cikin hanji a sake tsotse shi a kowace rana ya kai wajen lita 100. Saboda haka duk abin da ya kashe waɗannan ƙwayoyi masu amfani, ko ya kumbura bangon babban hanji, ruwan nan ba zai koma jini ba, ƙasa zai zube. Kusan duk zawon babban doki daga babban hanji yake fitowa. Shi ya sa doki zai iya bushewa cikin yini guda, shi ya sa kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke tsayar da zawon maraƙi ko na kaza yake iya zama shi ne musabbabin zawon doki.

Abu na farko da mai doki zai iya yi da hannunsa shi ne ya gane ko lamarin na gaggawa ne. Ma'aunin zafi na kemis ya isa. A shafa masa basilin, a tsaya a gefen cinya ba a bayan doki ba, a sa a dubura. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyos. Bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 ne a minti ɗaya, ana jin sa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi ko a bayan gwiwar hannun hagu. Sai a ɗaga leɓen sama a dubi dasashi. Na mai lafiya yana da danshi da ɗan ja-ja mai haske, idan ka danna da yatsa ya yi fari, launin zai dawo kafin daƙiƙa biyu. Idan dasashi ya bushe yana manne wa yatsa, ko ya yi ja wur, ko ka ga wani zane mai duhu ya bi gindin haƙora, gubar ƙwayoyin hanji ta fara shiga jini. Dokin da ke da zazzaɓi, bugun zuciya ya haura 60, ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafa yana waiwayen cikinsa, wannan ba a jira masa gari ya waye. Wanda idonsa garau, yana ci yana sha, zafin jikinsa daidai, sai dai kashi ya ƙi ɗaurewa kuma yana ramewa a hankali, shi ne ake da sararin yi wa bincike a tsanake. Amma a riƙa auna shi safe da yamma ana rubutawa, domin na biyun yana iya komawa na farko ba sanarwa.

Binciken kuwa da tambaya yake farawa, kuma wanda ya fi kowa sanin amsa shi ne yaron barga, ba mai doki ba. Matsalar ita ce yaron yana tsoron a ɗora masa laifi. Likita zai ce, "Malam, me da me aka ba shi?" Ya ce, "Wallahi Likita ba komai, sai 'yar allura ɗaya." Sai an zaga bayan ɗakin harawa an ga kwalabe sannan magana ta fito: an yi masa allurar kashe ciwo da ake kira buta kwana goma saboda ɗingishi, wani ya zo ya yi masa doguwar allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta mai ruwan ɗorawa, an ƙara masa kanwa a dusa don ya wanke ciki. Roƙona ga masu dawaki shi ne su ce wa yaran a gaban likita, "Faɗi gaskiya, ba abin da zai same ka." Wannan kalma ɗaya ta fi gwajin dubban nairori amfani. A tara kwalabe da kwalayen duk abin da aka ba dokin cikin wata biyu da suka wuce, a nuna buhun abinci, a nuna inda yake shan ruwa, a faɗi ranar da aka sauya harawa da ranar da baƙon doki ya shigo.

A fara da abinci, don shi ne mafi sauƙin gyara. Damina a Jos tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma sabuwar ciyawar farko ruwa ce zalla, dokin da ya yi rani yana cin busasshiyar harawa aka sake shi a kanta sau da yawa cikinsa yakan saki. Sauya abinci kwatsam ma haka, ko daga harawar gyaɗa zuwa ta wake ne, ko daga dusar gero zuwa ta masara. Ƙwayoyin hanji suna buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin su saba, don haka ake haɗa tsoho da sabo ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Hatsi mai yawa a ci ɗaya, irin wanda ake lodawa doki gab da wasa ko hawa don ya yi ƙiba, yana wucewa bai narke ba ya je babban hanji ya yi tsami ya kashe ƙwayoyin. Ga danshin garin nan da ke sa harawa da dusa fumfuna a ɗaki. Kanwa ma idan ta wuce kima tana sakin ciki. Zurma kuwa, idan 'ya'yanta suka gauraya da abinci, guba ce mai kawo mummunan zawo. Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da mu saboda Jos garin kiwon kaji ne: abincin kaji da wasu na shanu ana sa musu magunguna irin su monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki ya kashe shi. Buhun da aka taɓa zuba abincin kaji bai kamata ya shiga barga ba, balle a ce za a ba doki abincin kaza don ya murmure.

Tsohon doki a duba masa baki. Idan turamensa sun yi kaifi ko sun zube ba ya tauna, za a ga yana zubar da dunƙulen ciyawa da ya tattauna, kashinsa kuma cike da dogayen zaruruwa. Gyaran haƙori kaɗai ya ishi irin wannan.

Sai yashi, wanda ake yawan mantawa da shi. Dokin da ake zuba wa harawa da dusa a ƙasa, ko yake kiwo a filin da ciyawa ta ƙare yana tumɓuke ta da saiwa, yana haɗiye ƙasa kullum. A wurare masu rairayi da tsakuwa irin bakin tsofaffin ramukan kuza abin ya fi yawa. Yashin yana kwanciya a ƙasan babban hanji yana gurzar bangonsa. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. A ɗebi curi biyar ko shida na sabon kashi daga saman tulin, wanda bai taɓa ƙasa ba, ko cikin hannu biyu idan ya yi ruwa. A zuba cikin doguwar safar hannu ta leda, a cika da ruwa, a dama sosai, a ɗaure a rataye a ƙusa yatsun suna kallon ƙasa. Bayan kwata ko rabin awa a matsa ƙarshen kowane yatsa. Ciyawa tana tasowa sama, yashi yana zama a ƙasa, za ka ji shi yana ƙaras-ƙaras tsakanin yatsunka. Idan abin da ya taru ya wuce cikin ƙaramin cokali, akwai abin dubawa. Rashin ganinsa a gwaji ɗaya bai wanke dokin ba, don yashin ba kullum yake fitowa ba, a maimaita kwana uku. Maganinsa garin ɓawon 'ya'yan wani tsiro mai suna siliyam ne da likita ke bayarwa na wasu kwanaki a jere, wani lokaci tare da gishirin magnesiyam ta tiyon hanci, sannan a daina ciyar da doki a ƙasa. Rabin durom ko tsohuwar tabarmar roba ta wadatar.

Tsutsar ciki ita ce kowa ke fara zargi, kuma da gaskiyarsu, sai dai ba yadda ake tsammani take aiki ba. Wadda ta fi kawo zawo mai daɗewa a manyan dawaki wasu ƙananan tsutsotsi ne jajaye, ba su kai tsawon farce biyu ba. Doki yana cin 'ya'yansu a ciyawa, su huda bangon babban hanji su naɗe kansu su kwanta a ciki, wata da watanni, har fiye da shekara. A wannan kwanciya ba sa yin ƙwai, don haka gwajin kashi zai iya nuna babu komai alhali bango cike yake da dubbansu. Ranar da suka fashe suka fito lokaci ɗaya sai bangon ya zama gyambo, ruwa da sinadarin gina jiki na jini su riƙa tsiyaya. Doki ya rame da sauri, ƙasan cikinsa da ƙafafu su kumbura, wani lokaci a ga jajayen tsutsotsin a kashi ko a safar likita. An fi ganin haka a dawakin da ba su kai shekara 6 ba, kuma idan ya yi tsanani kusan rabin waɗanda ya kama ba sa tashi. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne sau da yawa zawon yana ɓarkewa ne kwanaki kaɗan bayan an ba da maganin tsutsa, domin kashe manyan da ke cikin hanji yana tada na kwance. Aibamektin da muka fi sani ba ya kashe waɗanda suka naɗe a bango. Moksidektin ne ke kai musu, ko fenbendazol na kwana biyar a jere, shi kuma a ƙasashe da dama tsutsar ta daina jin sa. Moksidektin ba na wasa ba ne ga ramammen doki ko ɗan dukushi, sai da awon nauyi, kuma likita kan haɗa shi da maganin rage kumburin hanji. Ba doki rabin sirinji don a raba wa biyu, ko maimaita iri ɗaya kowane wata shekara da shekaru, shi ke koya wa tsutsa jure magani.

Yanzu ga inda hannun mutum ya fi shiga. Fenilbutazon, wanda masu dawaki ke kira buta, da fuluniksin da diklofenak suna kashe ciwo ƙwarai, amma suna rage sinadaran da ke kare bangon tumbi da hanji da ƙoda. Idan aka daɗe ana bayarwa, ko aka wuce awo, ko aka haɗa biyu lokaci ɗaya, ko aka ba dokin da ba ya shan ruwa sosai, wani sashe na babban hanji da ke sama a gefen dama yana yin gyambo ya yi kauri. Alamarsa kashi mai laushi da ya ƙi ɗaurewa, murɗar ciki da ke zuwa tana tafiya, rama, da kumburi mai taushi a ƙasan ciki da kuben azzakari, wanda idan ka danna da yatsa gurbin yake zama. Wasu dawakin ma ko a daidai awo suna kamuwa. Abin takaicin shi ne idan doki ya nuna ciwon ciki sai a ƙara masa allurar da ta jawo ciwon. A lokacin sanyin hunturu a Jos doki yana rage shan ruwa, kuma a lokacin ne ake yawan wasa da kilisa da ɗingishi, wato daidai lokacin da buta ta fi cutarwa. Maganin wannan shi ne a tsayar da duk dangin buta, a rage dogon kara da busasshiyar harawa mai kaushi, a koma abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, har wata uku zuwa shida. Likita kan ƙara da magungunan gyambon ciki, sukralfet da misoprostol. Na biyun nan mace mai ciki ba ta taɓa shi ko da hannu, don yana zubar da ciki.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ma haka. Oksitetrasaikilin, eritromaisin, linkomaisin da wasunsu an san su da share ƙwayoyin hanji masu amfani, fili ya zama na miyagu. Biyu daga cikin miyagun su ne Salmonela da Kulostiridiyam. Lafiyayyen doki yana iya ɗauke da Salmonela a hanjinsa ba alama, sai wahala ta taso da ita. Dokin da aka ɗoro a mota daga Maigatari ko Mai'aduwa, ya wuni a tsaye cikin zafi ba ruwa ba ciyawa, ya sauka cikin sanyin Filato aka sauya masa abinci, sannan aka tarbe shi da allurar "rigakafin gajiya", an haɗa masa duk abin da ake buƙata don zawo ya ɓarke. Ɓeraye da kaji da tantabaru da ke bin buhunan dusa da kwanon ruwa su ma suna kawo ta. Ko allurar imidokab da ake yi wa cutar jini ta kaska tana iya kawo murɗar ciki da zawo na ɗan lokaci, ya kamata a faɗa wa likita idan an yi ta. Dokin da ya tsira daga mummunan kamu na Salmonela yakan yi watanni kashinsa bai koma daidai ba, saboda bangon hanjin bai gama warkewa ba.

Jos ta yi sa'a a nan fiye da garuruwa da yawa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, kusa da Jos, tun 1924, Jami'ar Jos kuma tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Abin da ya rage shi ne a kai samfurin da ya dace, yadda ya dace. Salmonela ba kullum take fita a kashi ba, don haka samfuri ɗaya bai isa ba, ana ɗiba sau uku zuwa biyar a ranaku daban-daban, a mazubi mai tsabta da murfi, a sa a sanyi a kai a ranar. Kashin da ya kwana a leda cikin aljihun mota ɓata kuɗi ne. A nemi a ƙirga ƙwan tsutsa, ba a ce akwai ko babu kawai ba. A jini kuwa ana duba kaurinsa don sanin yawan bushewa, da yawan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda kan faɗi warwas a farkon kamun Salmonela, da albumin, wato sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jijiya. Idan albumin ya yi ƙasa, hanji yana yoyo, zargi ya koma kan tsutsar bango ko gyambon buta ko kumburin hanji mai daɗewa. Ana duba ƙoda da hanta, musamman kafin a ƙara wani magani. Inda ake da na'urar hoton ciki ana ganin kaurin bangon hanji ta gefen dama. Idan duk wannan bai nuna komai ba, akwai gwajin ba doki ruwan sukari ta hanci ana auna jininsa don ganin ko ƙaramin hanji yana tsotsa, da kuma tsinkar ɗan nama daga bangon dubura a duba.

Ya kamata mai doki ya san wani abu tun kafin ya biya: ko a manyan asibitocin dawaki na Ingila da Amurka, kaso mai yawa na zawon doki ana gama bincike ba a kama takamaiman musabbabi ba. Wannan bai sa gwajin ya zama asara ba. Shi ke nuna abin da za a daina bayarwa, da ko dokin haɗari ne ga sauran, da ko jikinsa zai ɗauki jinya. Mai karanta intanet kuma ya lura, zazzaɓin Potomak da zai ga ana ta ambata cuta ce ta nahiyar Amurka, kada ya sa a yi wa dokinsa oksitetrasaikilin saboda ita.

Jinya ruwa ce kafin komai. Al'adar hana mai zawo ruwa don cikin ya tsaya kisa ce ga doki. Lafiyayye ma yana shan kusan lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a rana, mai zawo ya ninka haka. A ajiye masa bokiti biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya mai gishirin zawo da likita ya auna, ya zaɓa da kansa. Kada a bar shi da mai gishiri kaɗai. Da sanyi a ɗan ɗumama ruwan, ya fi sha. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa da kwalba, ruwan yana kuskurewa ya faɗa huhu, tiyon hanci kuma aikin likita ne. Batun ƙarin ruwa ta jijiya, a yi lissafi: dokinmu na gida mai kilo 350 da ya rasa kashi 6 cikin ɗari na nauyinsa a ruwa yana bin bashin lita 21, wato leda 42 ta rabin lita irin ta mutane, ban da wanda yake ci gaba da zubarwa. Leda biyu da ake ratayawa a ce an yi masa ƙarin ruwa kwantar da hankalin mai doki ne kawai. Allurar da za a bari a jijiyar wuya kuma sai da tsabta sosai, don jinin mai wannan ciwo yana saurin daskarewa ya toshe jijiyar.

Ba a hana shi ci. Ciyawa mai kyau ko harawa mai laushi marar ƙura, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a janye hatsi da kanwa har ciki ya daidaita. Akwai wata farar ƙasa ta magani mai suna smektait da ke kama guba a hanji, likitoci suna amfani da ita. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, yana da gurbi idan an tabbatar ko an yi zargi mai ƙarfi na Kulostiridiyam, amma yana kashe wa doki sha'awar abinci, ba abin saya a kemis a murƙushe a dusa ba ne. A babban dokin da ke da Salmonela ma magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su cika gajarta zawon ba, an fi ajiye su ga ɗan dukushi ko wanda cutar ta shiga jininsa. Wasu likitocin suna tace kashin lafiyayyen doki da aka gwada, su ba marar lafiya ruwan ta tiyon hanci don mayar masa da ƙwayoyin da ya rasa. Dabarar tana da ma'ana kuma ba tsada, ko da yake ba kowane doki take yi wa aiki ba. Ni dai na fi yarda da ita a kan garin ƙwayoyi masu tsada na cikin kwali da ake tallatawa. Jiƙon gargajiya mai ɗaure ciki irin na bagaruwa yana iya sa kashi ya yi kauri na kwana ɗaya ko biyu, amma bai taɓa gyambon da ke ciki ba, kuma yana ɓoye alamar da likita ke bi.

Akwai abin da ke kashe dokin da ya tsallake zawon kansa, shi ne kofato. Gubar da ta shiga jini daga hanji tana kumbura naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato, har ƙashin ya juya ko ya nutse. A riƙa taɓa kofatan gaba sau da yawa a rana. Idan sun yi zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi, doki yana sauya ƙafa ko yana miƙa na gaba yana jingina da na baya, ciwon kofaton ya fara. Rigakafin da aka tabbatar yana aiki shi ne sanyi: a tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara har sama da idon sawu, ba yankewa, kwana biyu zuwa uku, tun ranar da zazzaɓi da jan dasashi suka bayyana, ba sai ya fara ɗingishi ba. Tsohuwar tiyub ta mota da aka ɗaure ƙasanta tana yin aikin, ƙanƙarar kuma a yi magana da masu sayarwa tun da wuri. A shimfiɗa masa ƙaiƙayi ko diddigar katako mai kauri ya tsaya a kai.

Sauran hidimar ta yaron barga ce, kuma ita ce ke cin lokaci. A wanke cinyoyi da ƙasan wutsiya da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa basilin don kada fata ta saluɓe. A kitse wutsiya a sa ta cikin leda, amma kada a ɗaure kan ƙashin wutsiyar da ƙarfi, jini zai tsaya. A ware dokin a turkensa daban, da bokitinsa da tsintsiyarsa da shebur ɗinsa, a riƙa zuwa wurinsa a ƙarshe bayan an gama da masu lafiya. Kashinsa a binne nesa da rijiya da wurin kiwo. Salmonela tana kama mutum, kuma tana yin watanni a ƙasa mai danshi, don haka a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, yara ƙanana kuma a hana su wasa a wurin.

Ɗan dukushi lissafinsa daban ne. Tsakanin kwana 5 zuwa 14 da haihuwa yakan yi ɗan zawo yana tsotso yana tsalle, wannan yana wucewa da kansa. Wanda ya daina tsotso, nonon goɗiya ya cika yana ɗiga, awanni kaɗan ne tsakaninsa da halaka. Akwai kuma babban dokin da kashinsa curi-curi ne lafiya lau amma ruwa mai launin ƙasa yana biyo baya ya ɓata ƙafafu, ba rama ba zazzaɓi. Wannan gyaran harawa da haƙori yake so, ba allura ba.

Kaɗan daga cikinsu kuwa duk abin da aka yi sai rama ta ci gaba. Irin waɗannan akan samu kumburin bangon hanji da garkuwar jiki ke jawowa, wanda wasu kan ɗan samu sauƙi da magungunan sitiroid masu rage kumburi na tsawon watanni, ko kuma dajin hanji, wanda ba ya jin magani. Idan doki ya kai ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, ko kofato ya nutse, gara likita ya faɗa wa mai shi gaskiya, "Ranka ya daɗe, wahala kawai yake sha," a hutar da shi. Idan ya mutu ko aka hutar da shi, a bar likita ya buɗe cikin nan take, domin hanji yana ruɓewa cikin 'yan awanni abin da ake nema ya ɓace. A nan ne ake ganin ɗigo-ɗigon tsutsa a bango, ko tulin yashi, ko gyambon gefen dama, a san abin da za a sauya wa sauran dawakin da ke cin abinci ɗaya suna shan ruwa ɗaya da shi.